Bangon Ɗakin Baya

Karo na uku ke nan Abba yana sallamar kawunnan Dogo tun kafin su kai ƙarshen maganar neman aurena da ta kawo su.

Ina laɓe a bayan labulen falo, na ji komai. Na ji babban cikinsu yana cewa, "Alhaji, in wani laifi yaron nan ya yi, a faɗa mana. Mu ne iyayensa, za mu tsawatar masa."

Abba ya ce, "Bai yi laifin komai ba. Yaro ne mai hankali, na bincika. Ba zan ba shi ba ne kawai."

Na ji sun miƙe. Daga nan sai jan takalma, sai ƙarar ƙofar mota. Ban jira motar ta bar layin ba na fito na zube a gabansa.

"Abba, shekarata ashirin da shida, ban taɓa saɓa maka ba. Dalili kawai nake roƙo, ko guda ɗaya ne. In ka faɗa min, wallahi zan haƙura."

Bai dube ni ba. Yana jan carbi, amma leɓensa ba ya motsi.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci, "kawo min kowa. Ko mai tura baro ne, in kin ce shi kike so, gobe zan ɗaura. Ban da ɗan gidan nan."

"Wane gida, Abba? Ka san gidansu ne?"

Carbin ya tsaya cak a hannunsa.

Gwaggo ce ta cece shi. Yayarsa ce, ita ta raine ni tun ina tsumma, domin an ce mahaifiyata ta rasu ina da kwana arba'in a duniya. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, tana nuna ni da shi.

"Ke dai kin cika taurin kai, kamar an jiƙa ki da siminti. Ga Mai Kemis nan, mutum mai natsuwa, shekara guda yana sintiri a ƙofar gidan nan kamar ɗan sanda. Me za ki yi da mai yawo da kyamara? Masu hoton kirki suna ɗaukar amare, shi yana ɗaukar tsatsa da bangon mutane."

"Gwaggo, aikinsa ke nan."

"Aiki! Ke bangon littafi, shi bangon gida. Da bango za ku cika ciki?"

Da wata rana ce da na yi dariya. Ranar kuwa hawaye ne ya zo, ya ƙi tsayawa. Na kama ƙafar Abba ina cewa ya tausaya min, ina cewa ni ba ni da uwar da za ta roƙa min shi. Ya zare ta a hankali, ya shige ɗakinsa, ya murza makulli.

Washegari na tafi aiki da kumburarrun idanu.

Ni mai zanen bangon littattafai ce a wata maɗaba'a. Ofishina ɗan ƙurƙusun ɗaki ne a can ƙarshen gini, bayan ɗakin injina, ba taga, sai fanka da tebur da kwamfuta. Da alƙalami na musamman nake zane a kan allon da ke haɗe da kwamfutar. Matsalar zanen kwamfuta ita ce santsi. Komai yakan fito sumul kamar roba, riga ba ta da zare, ƙasa ba ta da tsakuwa. Maganinsa hoto na gaske. Sai in ɗauko hoton tsohon buhu a manhajar gyaran hoto, in shimfiɗa shi a kan rigar da na zana, a leya ta daban, wato kamar takarda mai shara-shara a kan wata takardar. In rage masa ƙarfi har zanen ƙasa ya riƙa leƙowa, in goge abin da ya fita gefe. Nan take riga ta zama riga, har ka ji kamar ka kai hannu ka taɓa.

Dogo ne yake kawo min irin waɗannan hotuna. Haka muka haɗu shekara biyu da suka wuce. Ya shigo yana sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa, ya buɗe min hotunan ɓawon itace, da tsatsar kwano, da busasshen taɓo, yana yi min bayaninsu kamar 'yan uwansa ne. Tun daga ranar ban ƙara ganin tsagewar bango na wuce ban tuna da shi ba.

Tun da Abba ya hana shi zuwa wurina, ta waya yake turo aikin. Da safen nan na tarar da saƙonsa: "Na ji abin da ya faru jiya. Kada ki yi kuka a gaban kwamfuta, ruwa na lalata ta. Ga bangon da kika nema."

Aikin da ke gabana zanen wata mata ce zaune a bakin taga, ta ba da baya. Na gama matar tun makon jiya, bangon da ke kewaye da ita ne ya rage, fari fat ba rai. Na buɗe hoton da Dogo ya turo. Tsohon bango ne mai shuɗin fenti da ya koɗe, an sha shafa masa wani a kan wani, wuri-wuri ya ɓare. Daidai abin da nake so.

Na shimfiɗa shi a kan zanen. Na zaɓi irin haɗin da ke barin duhun hoto ya nutse cikin zane, haskensa kuma ya ɓace. Na goge inda ya hau kan matar. Ya yi kyau, amma ya yi laushi da yawa, don haka na ja ma'aunin duhu da haske don tsagogin su ƙara fitowa.

A daidai lokacin aka ɗauke wuta.

Injinan da ke makwabtaka suka yi shiru lokaci guda, fanka ta ja numfashi ta tsaya. Kwamfutata tana da batir, sai ya zama haskenta kaɗai ne a ɗakin. A cikin wannan shirun na ga abin da ya fito a bangon, kusa da kafaɗar matar da na zana.

Hannu ne.

Ɗan mitsitsin tafin hannu, kamar na jariri, an karce shi da wani abu mai tsini, fenti ya rufe shi. Ido ba zai gan shi ba sai da na matse hasken. Na ce a raina, wasan yara ne. Na ƙara jan ma'aunin. Wani hannun ya fito kusa da shi, ya ɗan fi shi girma. Sai wani. Sai wani. Suna ta fitowa daga ƙarƙashin fentin kamar masu tasowa daga ruwa, a jere, kowanne ya ɗara na bayansa kaɗan.

Na ƙirga da tsinin alƙalami. Ashirin da shida.

Na farkon can ƙasa suke, fenti hawa uku ya binne su. Na ƙarshen kuwa hannun babbar mace ne, wanda da farko na ɗauka tsagewar bango ce, a kan fentin sama yake, sabo, har farin garin siminti yana maƙale a bakin layin.

Na ƙara girman hoton. Duka hannun hagu ne. Duka kuma yatsu shida ne da su.

Alƙalamin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ban ɗauka ba. Na ɗaga hannuna na hagu a gaban hasken. A gefen ƙaramin yatsana akwai ɗan tabo kamar ƙwayar shinkafa. Da cindo aka haife ni, ɗan yatsa na shida, aka cire tun ina jaririya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Dogo bai sani ba. A gidanmu ma ba a zancen. Sau ɗaya na tambayi Gwaggo wanda ya cire min, ta ce in rufe mata baki.

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe."

Na zabura har gwiwata ta bugi tebur. Mai Kemis ne tsaye a bakin ƙofa da ledar lemo mai sanyi, kamar yadda ya saba duk ranar da Gwaggo ta zuga shi. Farar rigarsa tsaf, ƙamshin magani na binsa.

"Na ji an yi baƙi jiya," ya ce yana murmushi. "Na ce bari in zo in..."

Idonsa ya sauka a kan kwamfutar. Murmushin ya tafi kamar an goge da tsumma.

"Ina kika samo wannan?"

"Ka san bangon ne?"

"Goge shi."

"Tambayarka na yi."

Ya ajiye ledar, ya turo ƙofar ta kusa rufuwa. Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda yake yi wa masu sayen maganin da suke jin kunyar faɗar sunansa.

"Ki saurare ni. Akwai abin da in kika tono, ba ke kaɗai zai binne ba, har da mahaifinki. Shekara takwas ina shiga ɗakin nan duk farkon wata da allura a hannuna, kafin ni kuma mahaifina ne yake zuwa. Na san abin da ke cikin jininki, na kuma ce na ji na gani, ina so a haka. Shi wancan dogon bai san komai ba. Ni ne rufin asirinki, ko kin so ko kin ƙi."

"Wace ce a ɗakin?"

"Goge hoton, ki sha lemonki."

Na miƙe. Ban san inda na sami ƙarfin ba, na ce masa ya fita. Ya daɗe yana kallona cikin duhun nan, hasken kwamfuta ya raba fuskarsa biyu. Sannan ya fita yana laluben wayarsa a aljihu.

Na kira Dogo.

"Bangon nan na ina ne?"

Ya yi dariya. "Ya yi miki, ko? Na gidanmu ne, ɗakin baya. Za a sake masa fenti ranar Asabar, na ce bari in ɗauka kafin a ɓata shi."

"Wa yake kwana a ɗakin?"

"Baba Shiru. Ban taɓa ba ki labarinta ba? Wata 'yar uwar Inna ce, ba ta da lafiya, tun kafin in yi wayo take wurinmu. Ba ta magana, shi ya sa muka sa mata sunan. Ba ta da aiki sai karce bango da ƙusa. In an ƙwace, ta samo wata. Lafiya kuwa? Muryarki ta canja."

"Kana gida?"

"Ina gida."

"Ka tsaya a ƙofa. Ga ni nan."

"Abbanki fa ya ce..."

Na kashe wayar.

Tasi ta sauke ni a bakin layinsu wajen ƙarfe ɗaya na rana. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu-duhu, iska ba ta motsi. Ban taɓa shiga gidansu ba. Dogo yana tsaye a ƙofa da silifas, yana ta tambayata abin da ya faru. Na nuna masa hoton a wayata, sannan na nuna masa gefen yatsana. Ya duba wannan, ya duba wancan. Ya matsa ya ba ni hanya.

Inna, mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. A waya kawai ta taɓa ganin hotona. Da ta ɗago ta gan ni tsaye, kayan da ke hannunta suka zube ƙasa.

"Allah Sarki," ta ce. "Har tsayuwar."

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka.

"Inna, wace ce a ɗakin baya?"

"Na yi rantsuwa, 'yata. Na dafa Littafi na rantse wa mahaifinki ba zan neme ki ba, ba zan aika miki ba. Amma ban rantse zan kore ki in kin zo da ƙafarki ba. Shekara biyu ina addu'a auren nan ya yiwu, don ki shigo gidan nan ta ƙofar gaba, ki gan ta."

"Inna, me kike faɗa ne?" in ji Dogo. "Ba kin ce 'yar uwarki ce ba?"

"Ƙawata ce, tun muna 'yan mata. Bencinmu ɗaya a makaranta. Da ta haihu sai ciwo ya kama ta, irin wanda ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ta daina barci, tana cewa mutane na leƙen jaririyarta suna dariya. Ran nan aka shiga ɗaki aka tarar da ita da reza, jini a zanin goyo, ta cire ɗan yatsan da kanta. Dangin mijin suka ce kashe yarinyar za ta yi. Ita kuma ba uwa ba uba. Suka ce a kai ta inda ake ɗaure irinsu. Na ce ba a gabana ba. Na ɗauko ta na kawo ta nan. Su kuma suka ce wa duniya ta mutu."

Na dafa igiyar shanya.

A lokacin ne na ji sautin. Daga can ƙarshen wani siririn lungu yake fitowa, a hankali, ba gaggawa. Ƙar. Ƙar. Ƙar.

Na bi shi.

Ɗakin ƙarami ne, a share tsaf, yana ƙamshin sabulu. Gado ɗaya, tabarma, buta, da ƙaramar taga mai ƙarfe. Ga bangon nan mai shuɗin fenti. Da ido ba ka ganin komai sai hannu biyu ko uku na ƙarshe. Ni kaɗai na san sauran suna ciki.

Tana tsugune ta ba mu baya, kamar matar da na zana. Siririya, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Tana ƙara zurfafa layin hannun ƙarshe da ƙusa.

Na yi sallama.

Ƙusar ta tsaya.

Ta juyo a hankali. Na ga goshina, na ga hancina, na ga yadda girata ta hagu ta ɗan fi ta dama tsayi. Kamar na tsaya gaban madubin da ya riga ni tsufa. A gidanmu babu hotonta ko ɗaya, yau na gane dalili.

Ba ta kalli fuskata ba. Hannuna ta kalla. Ta ajiye ƙusar, ta rarrafo, ta kama hannuna na hagu da yatsunta masu sanyi. Ta juya shi. Ta sa babban yatsanta a kan tabon, ta shafa, ta sake shafawa.

"Ya warke," ta ce.

Inna ta yi salati a bayana. Dogo ya ja da baya har ya bugi ƙofa, don tun da yake bai taɓa jin muryarta ba. Murya ce a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ban yi don in cuce ki ba," ta ce. "Dariya suke miki. Na ce bari in cire su daina."

"Na sani, Umma," na ce. Ban taɓa kiran kowa da sunan nan ba. Na faɗa jikinta, na yi kukan da ban san ina da shi ba. Ita ba ta yi kuka ba. Tana bubbuga bayana a hankali, kamar yadda ake yi wa jariri bayan ya ƙoshi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Sai na ji sallama a tsakar gida, muryar da na fi sani a duniya.

Abba ne, jiƙe, ko hula babu. Mai Kemis yana bayansa riƙe da lema, ashe shi ya kira shi. Abba ya zo bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, ya kasa tsallake dokin ƙofar.

Na miƙe na fuskance shi.

"Kabarin wa kake cewa ya yi nisa, Abba, duk lokacin da na ce ka kai ni?"

"Mamana..."

"Shekara ashirin da shida tana nan, tafiyar minti ashirin a mota. Don kada in gan ta ka hana ni Dogo? To na gan ta. Asirin ya tonu, ba sauran abin ɓoyewa. Yanzu sai ka bar mu."

Na zaci zai yi faɗa. Sai na ga ya zame ya zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen siminti, babban mutum kamarsa.

"Da wannan ne kaɗai, da na bari tun zuwan farko," ya ce. "Na yarda in ji kunya a gabanki. Wallahi na yarda."

Ya juya wajen Inna.

"Kin tuna rashin lafiyar da kika yi bayan an kawo ta nan? Yaron nan yana da wata biyar ko shida. Kullum da safe kina zuwa asibiti karɓar allura, ki bar shi yana barci a ɗakinki."

"Na tuna," in ji Inna a hankali.

"Ran nan na zo kawo magani, ba kya nan. Na zagayo ta tagar can na leƙa. Na gan ta zaune a bakin gadon nan, yaron yana cinyarta. Nono take ba shi. Tana yi masa waƙar da take yi wa Mamana." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Na ajiye maganin a ƙofa na tafi. Tun ranar ban sake tako gidan nan ba sai yau."

Ruwa kawai ake ji.

"Me ya hana ka faɗa min?" in ji Inna. "Sau uku ina tura maka mutane!"

"In na faɗa miki, za ki faɗa wa ɗanki. Shi kuma zai faɗa mata. Ita kuma za ta ce, wace ce ta shayar da shi, alhali uwata ta mutu? Na ɗauka in na yi ta ƙi, za su gaji."

"Ba gaskiya ba ne," in ji Dogo. Ya shigo tsakiyar ɗakin, idonsa jawur. "Baba, ka yi haƙuri, amma ba gaskiya ba ne. Ta taga ka leƙa, shekara ashirin da shida da suka wuce. Wataƙila rungume ni kawai ta yi. Wataƙila ba ni ba ne ma. Ba za a raba ni da ita a kan leƙen taga ba!"

"Ai kuwa an raba," in ji Mai Kemis daga ƙarƙashin lemarsa.

Abba ya ɗago ya dube shi. "Kai kuma je ka. Ko ita kaɗai ta rage mace a duniya, ba ta hanyar nan za ka same ta ba."

Mai Kemis ya juya. Muka ji takunsa cikin ruwa har ya fita.

Dogo ya durƙusa a gabana. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Kada ki tambaye ta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah. Ba ta da lafiya, ba ta san abin da take faɗa ba, ba wanda zai kama mu da maganarta. Mu bar shi a haka. In ba mu tambaya ba, ba mu sani ba."

Na so in ce to. Allah ya sani na so. Na dubi dogayen yatsunsa a kan gwiwarsa, na tuna duk gidan da muka gina da baki, har launin labulen da muka yi musu a kai. Amma na san kaina. Zan kwana da tambayar, in tashi da ita, in haifi 'ya'ya da ita.

Na juya na riƙe hannun mahaifiyata.

"Umma, kin san wannan?"

Ta dubi Dogo. Fuskarta ta saki, ta yi wani murmushi da ya mayar da ita yarinya.

"Ɗana ne," ta ce.

"Kin taɓa ba shi nono?"

"Kuka yake yi. Uwarsa ba ta da ruwan nono, ciwo ya shanye. Ni kuma nawa yana zuba, yana jiƙa min riga, an ɗauke min tawa." Ta ɗaga kafaɗa kamar abin ba komai ba ne. "In ta fita sai in ɗauko shi. Kullum. Har ya yi kumatu. Kafin ta dawo na mayar da shi."

Inna ta dafe kai da hannu biyu.

"Shi ya sa," ta ce. "Wayyo ni, shi ya sa. Yaro yana ramewa kamar zai mutu, sai kawai ya daina kuka ya fara ƙiba. Na ɗauka madarar gwangwani ce ta karɓe shi. Har sadaka na yi."

Dogo ya miƙe. Bai kalli kowa ba. Ya bi ta gefen Abba ya fita, wannan karon bai sunkuya ba, goshinsa ya bugi saman ƙofa da ƙarfi, bai ko taɓa wurin ba. Ya je tsakiyar gida ya tsaya cikin ruwan, ya ba mu baya, rigarsa ta manne a jikinsa.

Abba yana kuka a bakin ƙofa, yana cewa in yafe masa. Inna tana kuka a jikin gado. Ni hawayen ma ya ƙafe. Ina tsaye ina kallon bayan mutumin da na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni.

Umma ta leƙa ta gefena. Ta ɗan ja bakin mayafina.

"Ruwa na dukansa," ta ce. "Zai yi mura. Kira yayanki ya shigo."

Na taka zuwa bakin ƙofa. Na buɗe baki, sunan da na saba kiransa da shi ya zo har kan harshena, na haɗiye shi.

"Yaya," na ce.

Kafaɗunsa suka girgiza. Bai juyo ba.